Gandu Biyar, Gayauna Biyu

Ƙwayar masara ce tsibi-tsibi a kan tabarma, kaji suna ta kewaya ta, amma an rasa mai hannun korarsu. Kowane namiji ya manna kati biyu a ƙirji, kamar magidancin da ya sayo tsire yana ɓoye wa yaran gida. Dattawa ne fa, masu furfura da surukai, a gindin mangwaron ƙofar gidan Mudi. Bazara ce, an gama sharar gona, ruwa bai sauka ba, maza sun rasa abin yi.

Mansur direba ne ya kawo wasan. Yana jigilar hatsi daga Funtuwa zuwa kudu, kuma bai taɓa dawowa ƙauyen nan na bayan Dayi haka kawai ba: in bai zo da sabon tari ba, zai zo da sabuwar ɗabi'a. Wannan karon karta ya zo da ita, wai sunanta foka. Da ya ga bayaninsa ya ƙi shiga kan manoma, sai ya juya musu shi yadda za su gane.

"Ku ɗauka gida ne," in ji shi. "Kati biyun da na ba kowa a rufe, gayaunarsa ce, ba mai leƙa masa. Biyar ɗin da zan shimfiɗa a tsakiya kuwa gandu ne, na kowa da kowa. Ka haɗa naka da na gandu, ka zaɓi biyar mafi kyau. Wanda nasa ya fi, shi zai kwashe masarar."

"To ina gandun?" in ji Buba, yana duban tsakiyar tabarma. "Ni ban ga ko ciyawa ba."

"Ba a buɗe shi gaba ɗaya. Da farko a zuba masara ba a ga komai ba. Sai in buɗe uku, a sake zubawa. In buɗe na huɗu, a zuba. In buɗe na biyar, a yi zubin ƙarshe. Duk wanda aka zuba a gabansa, ko ya bi daidai, ko ya ƙara a kai, ko ya kife katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa."

Ya jera musu abin da ya fi wani. Biyu masu lamba ɗaya sun fi tarkace. Uku sun fi biyu. Biyar masu bin juna a lissafi sun fi uku, biyar masu zane iri ɗaya kuma sun danne su duka, sai 'yan wasu manya da ba kasafai ake ganinsu ba.

"Saura ɗaya," in ji Mansur, ya ɗaga yatsa. "A wasan nan baki ba shaida ba ne. Mai katin banza yana iya cika baki har mai katin kirki ya tsorata ya kife. In kowa ya kife, ka ci, kuma ba dole ka nuna abin da ke hannunka."

Wannan ta ƙarshe Buba ya ji ta da kunne, amma ba ta sauka cikinsa ba.

Sai an san Buba da Mudi kafin a gane abin da ya faru. Buba jikan makiyaya ne da suka ajiye sanda suka kama fartanya, gidansa yana can gefen gari. Mudi kuwa manomi ne ɗan manomi, gidansa ne na ƙarshe kafin gonaki. Kowannensu bijimi ɗaya gare shi, garma kuma ba ta tafiya da ɗaya. Tun suna samari suka haɗa: na Mudi mai suna Ja a dama, na Buba mai suna Baƙi a hagu, karkiya ɗaya. In shanun sun tsufa a sayar, a sayi wasu, a mayar musu da sunayen. Bana a fara huɗe gonar wannan, baɗi ta wancan. Kuma da yake Mudi ne a bakin gonaki, shi ke kai labarin ruwa. In ya ce ƙasa ta sha, Buba ba ya ko tambaya, igiya kawai yake kwancewa. Sabuwa matar Buba takan ce da Mudi zai ce wa mijinta rana ta fito da tsakar dare, da sai ya fita shanya dawa.

Liman ya wuce su ran nan, ya tsaya ya ce caca suke yi. Suka ce Allah gafarta malam, masara ce, kaji ma ke cinye ta. Ya girgiza kai ya tafi. Mu mata da ke bayan danga muna ɓarar gyaɗar iri, mun so ya ƙara zama.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. An raba kati, an buɗe ukun farko, sauran mutane duk suka kife, aka bar aminan biyu. Buba yana da sarauniya biyu a hannu, ga ta uku ta fito a gandu. Shi kuwa bawan Allah fuskarsa ba ta da ƙofa. Sai murmushi yake, yana gyara zama, yana shafa gemu.

"Arɗo, yau kiwo ya yi kyau ke nan," in ji Mudi, don da sunan nan yake tsokanar Buba.

"Zuba masararka, Mudi, ka bar surutu."

Mansur ya buɗe na huɗu. Mai zanen baƙin ganye ne, kuma shi ne na uku mai ganye a tsakiya. Duk wanda ke riƙe da ganye biyu a hannu ya haɗa biyar ke nan, ya danne sarauniyoyin Buba.

Bana juyin Buba ne a fara huɗa. Mudi kuma bara ya yi lattin shuka, tsutsa ta yi masa ɓarna, abin yana ci masa rai. Ya dubi ganyen nan uku, ya dubi amininsa.

"Masara ta ishe ni," in ji shi. "Mu sa abin da ke da nauyi. Na sa juyina na baɗi, ka sa naka na bana. Wanda ya ci, shi ne farko shekara biyu."

Aka yi shewa. Buba ya leƙa sarauniyoyinsa, ya ce, "Na bi."

Na biyar ya fito, wani ɗan jan kati da bai amfani kowa ba. Mudi ya ajiye katinsa a cinya, ya naɗe hannu.

"Na ɗora Ja."

Rabi matarsa ta saki gyaɗar da ke hannunta. "Wane Ja?" in ji ta. "Ja namu?" Muka danne ta, don ba mu gama ji ba.

Mansur ya yi wa Buba bayani: in zai bi, sai ya sa Baƙi. In ya kife, juyin bana ya tafi, amma bijiminsa yana turke. Buba ya daɗe yana kallon tabarma. Kakanninsa ba su taɓa ɗora sa a kan wasa ba. Ya ɗago kai, ya dubi Mudi yadda yakan dube shi a ƙofar gida da safiyar ruwa.

"Mudi, ganye biyu ne a hannunka?"

"Haba Buba, ba a tambaya!" in ji Mansur.

"Ba da kai nake ba. Mudi, kana da su?"

Mudi bai ko ƙifta ido ba. "Ina da su."

"To, shi ke nan," in ji Buba. Ya kife katinsa a hankali, ya tura masarar da bayan hannu.

Da Mudi ya mayar da katin nan cikin sauran, da har yau ba wanda ya sani. Amma daɗi ya kwashe shi. Ya miƙe tsaye, ya watsa su a tabarma: biyu da bakwai, ɗaya ja ɗaya baƙi, ko almajirin wasan ba zai riƙe su ba. Mansur ya juya na Buba, aka ga sarauniyoyi. Wuri ya kaure da dariya, wani har da birgima, kaji suka samu sarari suka afka wa masarar.

"Wannan shi ne wasan!" in ji Mansur, yana dukan kafaɗar Mudi. "Wallahi ko a Ikko sai haka!"

Buba ma ya yi 'yar dariya. Ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi.

"Ashe ka iya," in ji shi.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Rabi ba ta bar Mudi ya ci tuwon dare cikin daɗi ba. "Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifinka," in ji ta, "ka dubi tsakiyar idonsa ka shimfiɗa masa ƙarya a kan ƙwayar masara?"

"Ke ba ki san wasan ba. Ƙa'idarsa ce. Mansur ya faɗa a gaban kowa."

"Mansur aka tambaya ko kai?"

Da ruwan farko ya sauka, Mudi bai kai ga zuwa kai labari ba, sai ga Buba da Baƙi a ƙofar gida. Mudi ya tare shi da sauri.

"Arɗo, mu wuce gonarka. Maganar nan wasa ce, na janye ta."

"A'a, Malam Mudi. Na ce na bi, kuma na kife. Magana ce. Kawo karkiya."

Malam Mudi! Rabi ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin Buba ya sa wa sunan mijinta hula ba.

Aka huɗe gonar Mudi tas. Buba ne ma ya riƙe garma, layinsa miƙe kamar an ja zare, bai yi ha'inci ko na taku ɗaya ba. Ana gamawa sama ta ɗauke. Rana ta buɗe, ƙasa ta yi tauri, gonar Buba tana kwance ba a taɓa ta ba, masarar Mudi kuwa ta tsiro kore shar a gefenta. Mudi ya daina bi ta wannan hanya. Kartar ma ya daina, ya ce wai idonsa ba ya ganin lamba. Mansur ya ɗora kaya ya koma kudu abinsa.

Sai da aka fara maganar roƙon ruwa sannan hadari ya haɗo. Aka kwana ana yi. Mudi ya fita da sassafe, ya shiga gonar Buba, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Da ya koma gida bai ko tsaya ya karya ba. Ya kwance Ja, ya saɓi karkiya, ya ratsa gari da taɓo a ƙafa har ƙofar amininsa.

"Arɗo! Fito, ƙasa ta sha! Ta sha har ta ƙoshi!"

Buba ya fito, suka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya sa Sabuwa ta kawo fura da nono, ya shimfiɗa wa baƙonsa buzu.

"Madalla," in ji shi. "Allah ya saka da alheri. Sha fura, Malam Mudi, ina zuwa."

Bai nufi turken Baƙi ba. Ya ɗauki 'yar fartanya ya rataya a kafaɗa, ya kama hanyar gona shi kaɗai. Mudi ya ajiye ludayi, ya ja bijiminsa ya bi shi daga nesa. Ya tsaya a bakin iyaka, igiyar Ja a hannu, karkiya a kafaɗa gefe ɗaya yana lilo.

Buba ya shiga tsakiyar gonar, ya durƙusa, ya sari ƙasa, ya cusa yatsa ya duba inda laima ta kai. Ya matsa gaba, ya sake sara. Sannan ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya juyo.

"Gaskiyarka," in ji shi. "Ta sha."