Kwalaben Ranar Wasa

Ranar wasan ƙarshe, Irmtraud ta riga kowa isa ƙofar filin ƙwallo, tana tura tsohon keken jarirai, bakinta har kunne. Mutum dubu arba'in, ga rana ta ƙwalle, kowa da ƙishirwa! Ba a shiga da kwalba, don haka 'yan kallo kan jera su a gindin kwandon shara saboda masu tsinta irinta, kanti kuma ya karɓa ya ba da kuɗi. Shekarunta saba'in da biyu, fanshonta a haya yake ƙarewa, a Jamus ɗin nan da ake ta yi wa kirarin arziki. Cefanenta na wata guda yana cikin wannan yinin.

"Ke Roswitha, matsa can!" ta ce da abokiyar sana'arta. "Wannan kwandon gadona ne."

"Gadon wa? Tsohuwa sai haɗama!"

Kafin ƙarfe uku keken ya cika har yana rinjayarta. Tana ɗaure buhun ƙarshe ta ji an rungumo ta ta baya.

"Goggo Irmtraud!"

Torsten ne, ɗan gidan da ta yi wa aikatau shekara ashirin da shida, ana miƙa mata ladanta a hannu, ba takarda, ba ko sisin da aka zuba mata na tsufa. Ita ta raine shi. Ga shi yanzu da tumbi da gyalen ƙungiyar ƙwallonsa a wuya.

"Ashe ke ma 'yar kallo ce? Matata ba ta zo ba, ga tikitinta. Yau kam kusa da ni za ki zauna!"

Kunya ta rufe ta. Ta sa ƙafa ta tura keken wajen Roswitha. "Na waccan baiwar Allah ne," ta ce, alhali ko tambaya bai yi ba. Roswitha ta cafke keken da hannu biyu.

Ciki kuwa ba a magana: ganguna, waƙa, tsalle. Irmtraud ta manta kanta, ta yi ta ihu har murya ta dishe. Saura minti biyu aka zura ƙwallo. Filin ya ɗauka, jama'a suka watsa kofunan giyarsu sama, kofunan roba waɗanda in ka mayar da guda a ba ka Yuro biyu. Suka yi ta zubowa a gabanta, ɗaya har ya gangaro ya jingina da takalminta.

Torsten na girgiza kafaɗarta, hawayen daɗi na zubo masa. "Goggo, kin taɓa ganin irin wannan?"

"Ban taɓa ba," ta ce. Ta cusa hannayenta biyu cikin aljihu, ta danne su gam.