Rafin da Des Ya Ɓoye

A ƙungiyarmu ta 'yan fatsa akwai dokar da ba wanda ya rubuta: ba a faɗin wurin kamu. Za ka koya wa mutum ɗaura gashin zakara a ƙugiya har ya fito kamar ƙwaron ruwa, ka nuna masa yadda ake wurga zare ya sauka ba ƙara. Amma in ya tambayi inda ka kama kifin tirawut, sai ka nuna gabas alhali yamma ka je. Wai haka ake kare rafi. Na daɗe ina shakkar wannan magana.

Mu ma muna da namu, wani siririn rafi bayan gonar Pybus. Mu uku muka san shi: ni, da mijina marigayi Des, da ƙaninsa Clarrie. Da gonar ta koma hannun wani, sabon mai ita ya saki shanu har bakin ruwa. Gaɓa ta zube, laka ta rufe tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai a kai. Na je na sami mai gonar. Bai yi gardama ba, ya ce waya da turaku yana da su, masu aiki ne babu. In mun kawo mutane a kafa shinge, ya yarda.

"Mu biyu za mu yi," in ji Clarrie da na ba shi labari.

"Da wace gwiwar? Kai da sai an ɗaga ka daga kujera?"

"Malama Merle, wannan ba ajinki ba ne. Des ya ce kar a faɗa wa kowa."

"Des bai ga shanu a ciki ba."

Ranar taron ƙungiya, ana cikin shan shayi da biskit, na miƙe na nufi allon da ake rubuta sakamakon gasa. Na zana titi, na zana gadar katako, na ja layin rafin.

Clarrie ya buga tebur. "Tsohuwar nan ta haukace! Ku kama ta!"

"Zo ka kama ni da kanka, in ka iya tashi."

Aka kwashe da dariya. Noelene Triffitt, shugabar ƙungiya, ta sauke tabarau. "Au, Clarrie, ashe duk shekarun nan da kake tura mu tafki, can kake zuwa? Munafuki!"

Na ce musu, "Ga shi nan na faɗa. Wanda zai jefa ƙugiya a rafin nan sai ya fara kafa turke. Mun ɓoye shi har ba mai kuka in ya mutu, sai mu tsofaffi biyu."

Ranar Asabar motoci suka cika bakin gada. Aka haƙa ramuka, aka ja waya, aka dasa itatuwa a gaɓa. Clarrie ma ya zo, bai ko dube ni ba, ya zauna kan kututture yana tsawa cewa turakun sun karkace.

Da aka gama, Noelene ta jefa ƙwaronta na gashin zakara ƙarƙashin wata saiwa, ta kamo ƙaton kifin da Clarrie ya yi shekaru yana bi bai samu ba. Ta jiƙa hannu, ta zare ƙugiya, ta sake shi. Clarrie ya tashi ya shiga motarsa.

Ba zan ce ba a yi asara ba. Yanzu akwai sawun takalma a wurin, kifin ma sun yi wayo. Clarrie ya daina zuwa cin abincin Lahadi a gidana.

Da sanyi ya shigo na koma rafin ni kaɗai. Tsakuwa ta wanku, ga matan kifi suna share ta da wutsiya. Sai na ji tari a bayana. Clarrie ne, dogare da sanda.

"Har yanzu ban yafe miki ba," in ji shi.

"Wa ya roƙe ka? Matsa, inuwarka na tsorata su."

Ya matsa.