Irin da Ya Ɓata Ranar Ƙuri'ar Ɗakin Ƙasa

Benen mai hawa biyar ne, kuma tun da aka gina shi ba a taɓa sa masa lif ba. Saboda haka duk lokacin da wani ya tashi daga sashen ƙasa, dokar ƙungiyar mazauna ita ce a yi ƙuri'a tsakanin masu nema. Da farko da takardu ake yi cikin hula, har shekarar da aka zargi hular. Daga nan aka koma kwamfuta.

A wannan karon mutum biyu ne suka nema. Akwai Tela, mace mai ciwon gwiwa, da ke hawa na biyu. Akwai kuma Mai Agogo, wanda ya daina gyaran agogo da daɗewa amma sunan ya bi shi. Shi a hawa na biyar yake, likita kuma ya gaya masa cewa zuciyarsa ba za ta ci gaba da ɗaukar matakalar nan ba.

Da hantsi aka taru a ofishin ƙungiya, ɗan ɗaki mai taga ɗaya da kabad na ƙarfe. Magatakarda, tsohon ma'aikacin adana takardun tarihi, ya kunna kwamfutar. Rubutu ya gangaro a baƙin allo, sannan ya tsaya cak. Aka jira, aka kashe, aka sake kunnawa, ya tsaya a wuri ɗaya. Sai Magatakarda ya kira 'yar ƙanwarsa, injiniyar da ta ɗora wa na'urar Linuks tun farko, manhajar da kowa ke da izinin dubawa da gyarawa.

Ta karanta layin ƙarshe, ta ce, "Kawu, ba lalacewa ta yi ba. Jira take. Fayil ɗin iri ne babu."

"Irin me? Shuka muke yi?" in ji Tela.

Injiniya ta yi bayani a taƙaice. Kwamfuta ba ta iya zaɓe da ka, domin komai nata lissafi ne. Don haka takan tara ƙananan abubuwan da ba a iya hasashensu, ta ajiye kaɗan a wani fayil kafin a kashe ta, washegari ta fara da shi. Idan babu shi, wannan tsohuwar na'ura sai ta zauna tana tarawa daga farko, kuma ba za ta yi ƙuri'a ba sai ta samu isasshe.

"Wa ya shiga cikin fayilolin?" Injiniya ta tambaya.

Magatakarda ya gyara tabarau. "Ni ne na yi shara makon jiya. Na buɗe wani, ba kalma ko ɗaya mai ma'ana a ciki. Washegari na sake buɗewa, ya canza gaba ɗaya. A aikinmu, takardar da ke canza kanta ba a ajiye ta."

"Kawu, wannan ita kaɗai ce aikinta ke nan."

"To ba a rubuta a jikinta ba."

Ya ba da shawarar a kwafo irin daga kwamfutarta. Ta ce a'a, iri ba a aronsa, domin wanda ya san irin zai iya sanin sakamakon. Ta ciro linzamin kwamfuta daga jakarta ta jona, ta ce abin da ake bukata motsi ne marar tsari, da yawa. Magatakarda ya karɓa, ya riƙa jansa dama da hagu a natse, kamar mai ja layi da rula. Wata ƙididdiga a ƙasan allon, mai nuna abin da aka tara, ta riƙa hawa da ƙyar.

"A haka sai mun mutu mu biyu, a ba wa jikokinmu ɗakin," in ji Tela. Ta juya ga Mai Agogo. "Maigidan sama, fito da hannun nan daga aljihu. Ai shi ba ya bukatar a roƙe shi."

Duk benen an san hannun daman Mai Agogo yana rawa, an san shi ne ya raba shi da sana'arsa, amma ba wanda ya taɓa faɗa a gabansa.

"Bakinki ya fi almakashinki kaifi, Uwar Zare," ya ce.

"Shi ya sa nake ci da su duka biyu."

Ya matso, ya zauna, ya ɗora hannun a kan linzamin. Bai yi komai ba, hannun ne ya yi. Kibiyar allon ta shiga karkarwa, tana zuwa inda ba wanda zai ce ga shi. Ƙididdigar ta haura da sauri, rubutun da ya tsaya ya ci gaba da gangarowa, na'urar ta buɗe. Injiniya ta sa ta rubuta sabon fayil ɗin iri, ta duba izinin karanta shi, ta nuna wa kawunta sunansa.

"Wannan, ko ya zage ka, kada ka taɓa shi."

Magatakarda ya shigar da sunaye biyun, ya karanta dokar da ƙarfi kamar yadda aka saba, ya danna. Sunan Tela ya fito.

Ba ta yi guɗa ba. Ta dubi gwiwarta, ta dubi Mai Agogo. "Nawa na hawa na biyu zai zama fanko," ta ce.

"Shi ma sai an yi masa ƙuri'a a wata mai zuwa," in ji Magatakarda. "Sashe na huɗu na dokar."

Mai Agogo ya tambayi Injiniya ko za a sake bukatar hannunsa ranar. Ta ce a'a. Abin da ya bayar ya riga ya gauraye cikin irin, kuma kowane sabon iri daga na jiya ake samo shi.

Ya jinjina kai, ya bar hannun a waje bai mayar aljihu ba. Ya fita, ya kama ƙarfen matakala da na hagu, ya fara hawa. A hawa na biyu ya tsaya ya huta, ya ɗan dubi ƙofar ɗakin da Tela za ta bari, sannan ya wuce.