Inna a Kujerar Gaba

Har yau in na tuna fuskar Badaru sai ƙyama ta kama ni, kamar na bi ta bakin kwata da rana tsaka.

Babanmu Malam Abarci ya rasu Inna tana Umra. Bai yi jinya ba. Ya dawo daga gona ya ce kansa na sara, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Aka kai shi makwancinsa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Dakoro duka ta taru.

A wajenmu ba a faɗa wa matafiyi rasuwa yana bisa hanya. Sai ya iso, ya sha ruwa, ya zauna cikin nasa, sannan wani babba ya faɗa masa, akwai hannun da zai riƙe shi. Balle Inna mai tansiyon, wato hawan jini, wadda ko akuya ce ta ɓace sai ta kwanta. Kawu Mahamadu, wanta, ya taso daga Ɗan Gulbi takanas don shi ne zai gaya mata. Ni kuma na kira Fadimata, aminiyarta da suka tafi tare. Ta yi kukanta a ɓoye, ta kashe konekisiyon, wato intanet, na salular Inna, ta ce mata rezo ne, layin waya, ya lalace. Don Inna ba ta karatu, amma bokal, saƙon muryar nan da mata ke tura wa juna, ba wanda ke wuce ta.

Ƙanena Sharfaddeen yana aiki a Yamai, a kamfanin jiragen saman da ya kwashi su Inna. Direktansu ya ɗora masa aikin zaɓen sosiyete, wato kamfani, da za ta sa musu intanet cikin jirage, fasinja ya riƙa latsa salula yana sama. Guda biyu suka rage. Ɗaya rubutu kawai take iya turawa, shi ma da jan ƙafa. Ɗayar har bidiyo, kuma ta riga ta ɗaura na'urarta a jirgi ɗaya don gwaji, sai dai ba a buɗe wa fasinja ba tukuna. Ya ishe mu da zancen tun kafin azumi, har Baba ya taɓa ce masa, "Kai, mutum ko a sama ba za a bar shi ya huta ba?"

Ranar da jirgin su Inna ya taso daga Jidda, da hantsi, sai ga wata doguwar mota a ƙofar gida. Aka sauke rago, aka sauke buhun shinkafa. Mai motar ya fito cikin shadda tana ƙara, turarensa ya riga shi shigowa. Badaru ke nan, wakilin sosiyeten mai bidiyo. Bai taɓa ganin Baba ba ko a hoto, amma wallahi ya fi mu share hawaye. Ya yi gaisuwa wajen maza, sannan ya nace sai Sharfaddeen ya kawo shi zaure ya gai da babbar yaya, wato ni.

"Hajiya Hamdiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba. Babanmu ne mu duka."

Na ce amin, na ja mayafi. Bai ko bari amin ɗin ta sauka ba ya juya wajen ƙanena ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, batun rapor ɗin nan, rahoton zaɓen, na san ba lokacinsa ba ne..."

"Ba lokacinsa ba ne," in ji Sharfaddeen.

"Haka ne, haka ne. Shi ya sa ma na ce bari in yi abin da zai sanyaya muku rai. Na ji Hajiya na cikin jirgin da ke da na'urarmu. Na roƙi direkta an buɗe intanet ɗin yau, kyauta. Na sa an ɗauko ta daga baya an kai ta kujerar gaba wajen manya, ita kaɗai, ta miƙe ƙafa. Kuma na ce wa ma'aikaciyar jirgi ta karɓi salularta ta haɗa mata da hannunta, ta ji muryar ƴaƴanta a wannan lokaci."

Yana murmushi yake faɗa. Jira yake a gode masa.

Na ce, "Fadimata fa?"

"Wace ce Fadimata?"

Sharfaddeen ya zaro salula, yana neman lambar biro, wato ofishinsu, don a rufe intanet ɗin. Ni na san an makara. Tun ranar rasuwa matan unguwa suke zuba bokal a gurup ɗinsu na salula da Inna ke ciki, wannan ta yi salati, wannan ta yi kuka, wata marar hankali har hoton makara ta tura. Duk suna can jibge suna jiran ƙofa ta buɗe, ga shi wannan bawan Allah ya buɗe ta da ragonsa.

Salulata ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne, sunan Inna a kai.

Kawu Mahamadu ya shigo zauren da sauri, an kira shi. Ya dubi salular, ya dube ni, ya ce, "Ɗauka, ɗiyata. Ƙin ɗauka ya fi muni."

Na ɗauka. Ga Inna cikin farin hijabi, a wata ƙatuwar kujera da ta haɗiye ta, an ajiye mata lemo a gaba. A Dakoro kira ba ya minti biyu bai yanke ba, ko ka hau katanga. Ranar nan na roƙi Allah ya yanke, ya ƙi. Hoto tas, har jijiyar goshinta ina gani tana harbawa.

"Hamdiya," ta ce, "mi nike ji?"

Na miƙa wa Kawu salular, ya karɓa ya ce, "Bilki, ki yi haƙuri. Malam ya riga mu."

Ba ta yi ihu ba. Ta yi salati a hankali, sannan ta fara zare awarwaron da ta saya a Makka, ɗaya bayan ɗaya, tana ajiyewa gefen kofin lemo. Takaba ta kama ta a nan, tsakanin sama da ƙasa.

A bayana na ji Badaru yana raɗa wa ƙanena, "Ka gani ko? Hoton ko gezau bai yi ba. Waccan sosiyeten ba za ta iya haka ba."

Tir! Na juya na ce wa yaran gida su kwance ragon su mayar masa cikin mota, shinkafar ma kar in ga ƙwaya ɗaya a tukunyarmu. Ya fita yana cewa shi alheri ya nufa. Na yarda, kuma abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Daga baya sosiyeten su Badaru ɗin kamfanin jiragen ya ɗauka, Sharfaddeen da kansa ya sa hannu, don a wajen aiki nasu ya fi. Tun daga nan na daina tambayarsa labarin biro.

Lokacin da na koma kan salular, Kawu yana ta cewa a kira Fadimata, ma'aikaciyar jirgi kuma tana cewa an kunna alamar ɗamara, ba mai tashi sai iska ta lafa. Inna ta duba dama, wani Bature na barci da abu a kunne. Ta duba hagu, taga ce. Ta miƙo hannu wajen salular kamar za ta kamo ni, yatsunta suka rufe hoton.

"Hamdiya," ta ce, "nan ba wanda na sani."