Gilashin Ƙofar Baya

Shekara talatin da wani abu mutane na kiransa Mai Kunne, kuma ba tsokana ba ce. Bakanike ne da ke da wata ɗabi'a mai ba masu mota haushi: in ka zo garejinsa ka fara bayanin inda motarka ke ƙara, sai ya ɗaga maka hannu. "Kada ka gaya mini. Ja mu je." Zai zauna gefenka, ya runtse ido, kafin ku kai ƙarshen layi ya nuna wurin da yatsa.

Amma tun bara kunnen nan ya fara cin amanarsa. Ya ɓoye abin iya ƙoƙarinsa, yana gyaɗa kai a hira, yana dariya in ya ga ana dariya. Babban ɗansa kuwa ya matsa lamba a rufe garejin, Baba ya zauna gida ya huta. Shi dai ya san in ya bar garejin nan, ba hutu zai yi ba, jiran mutuwa ne.

Ranar nan da hantsi sai ga 'yarsa, malamar makaranta, da ƙaramar motarta.

"Baba, wani gilashi ne ya dame ni da kaf-kaf-kaf, wanda ke..."

Hannunsa ya riga tunaninsa tashi. "Uwata, yaushe kika manta? Ja mu je."

Suka hau hanyar bayan gareji mai gargada. Ya runtse ido kamar kullum. Gurnanin inji kawai yake ji, shi ma can nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a cikin mota ba. Da suka dawo sai ya yi shahada ya nuna ƙofar direba, don ita aka fi buɗewa da rufewa.

Ya kwance marfin cikin ƙofar, ya bi kowane noti da sifana. Duk a ɗaure tamau, roba lafiya lau. Awa guda ya ɓata yana neman abin da babu. Ita tana zaune kan benci tana kallonsa. Ya tabbata yau da yamma labarin zai kai wa yayanta.

Da ya mayar da marfin, sai ta miƙe ta buɗe but ɗin bayan motar, ta kwaso tulin littattafan ɗalibanta ta jibge a kujerar gaba.

"Kai, man birki ya kusa ɓata min su a can. Baba, mu sake zagayawa, amma sai dai ka yi haƙuri ka zauna baya. Ta wannan gefen, can akwai rana."

Wace rana, alhali hadari ne a sama? Ya dai shiga, kafaɗarsa ta jingina da ƙofar baya ta dama. Suna faɗawa ramin farko ya ji wani abu na tsuma masa kafaɗa. Ya ɗora tafin hannu kan gilashin. Ga shi nan, yana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya sauke shi rabi, rawar ta ƙaru. Ya danne shi, ta tsaya. Ya ɗago ya dubi madubi, ita kuwa ta kafe ido a kan hanya, sai ka ce yau ta fara tuƙi.

Aikin bai kai minti ashirin ba. Ɗaya daga cikin notin da ke riƙe gilashin a kan ƙarfen da ke ɗaga shi ya kwance, robar gefen da gilashin ke bi kuma ta cinye. Ya ɗaure notin, ya zare tsohuwar robar, ya yanko sabuwa ya cusa ta da babban yatsa har ƙasa. Hannuwan nan dai ba su manta komai ba.

Suka koma gargadar karo na uku. Tafinsa na kan gilashin, bai ji motsi ba. Amma hannu ba kunne ba ne, wata ƙaramar ƙara na iya kuɓuce masa, shi kuma bai taɓa sallamar mota da saura ba. A da, shi ke faɗa wa mai mota cewa an gama. Yau kuwa shi ne mai tambaya.

"Uwata... ya daina?"

Ta taka birki a gefen hanya, ta juyo gaba ɗaya yadda zai ga bakinta sosai, idanunta sun ciko.

"Ya daina, Baba. Zan gaya wa Yaya kai ka gano shi."