Littafin Yaya Hindatu

Abin ya fara ne a makon farko na shekarar da Ruwaida ta shiga ajin ƙarshe na sakandare a Dutse. A makon ne mahaifiyarta ta buɗe akwatin Hindatu, yayar Ruwaida, wadda zazzaɓi ya yi ajalinta wata bakwai kafin nan, ta ciro wani littafin rubutu mai kauri ta miƙa mata. Haka ake yi a gidansu, littafin babba na ƙarami ne.

Darasin Gwamnati shi ne dodon ajin. Malam Abdulkahar ba ya rubutu a allo. Bakin taga yake tsayawa yana shifta, ɗalibai arba'in da bakwai suna bin sa da biro har yatsu su ƙage, shafi shida ko takwas a zama ɗaya. Tsarin mulki na 1922, na 1946, na 1951, abin da kowanne ya zo da shi da inda ya gaza, ga gwaji duk Alhamis, ga aikin gida da ba ya yankewa.

Ba a yi mako biyu ba Ruwaida ta gane cewa Malam ba ya sauya ko kalma ɗaya daga abin da ya faɗa bara. Sai ta daina rubutu. Takan buɗe littafin Hindatu ta riƙa bi da ido, kafin kalma ta fito daga bakin Malam tana nan a rubuce. A gefen wani shafi Hindatu ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: "A nan zai ce mu gyara zama." Da aka zo wurin, Malam ya juyo ya ce su gyara zama. Tun daga ranar Ruwaida takan ji kamar su biyu ne a kan kujerar, sai ta yi wa yayarta addu'a a zuci ta juya shafi.

A tsakiyar zango na biyu, wata Alhamis, Malam ya ce ranar Litinin kowa ta kawo littafinta. Duk wadda ba ta da cikakken rubutu da hannunta, ba za ta zauna jarrabawar gwaji ba.

Da aka fita tara, ƙawarta Juwairiyya ta ja ta gindin darbejiya.

"Ke, mene ne abin zare ido? Rubutunku ɗaya, kamar inji ne ya buga. Cire bangon ki sa sabo. Bara ma bai kai ga sa hannu a nata ba."

"Sunanta yana ciki, a shafin farko."

"To reza ta ƙare a Dutse ne? Ke dai kin ci bulus, hajiya. Dubi yatsana, har kanta ya yi."

Ruwaida ta yi yaƙe.

Bayan la'asar ta zauna a tsakar gida da littafin da reza. Shafi ɗari da sittin da uku ne. Ko za ta bar ci da sha, ba za ta kwafe su cikin kwana uku ba. Ta buɗe ƙarshensa, inda ta daɗe tana gudu. Rubutun ya fara karkacewa, baƙaƙen suna zamewa daga kan layi. A kan tsarin mulki na 1979 jimlar ta tsaya a tsakiya, biro ya ɗan ja ƙasa, sai farar takarda. Mako mai zuwa ajin zai iso wurin.

Ta koma shafin farko. Hindatu Ubaidullahi, aji uku, an ja layi biyu a ƙarƙashi da rula. Ta yi ta tunani, ba ta tuna wani wuri a gidan da Hindatu ta rubuta sunanta da hannunta ba. Ta ɗora bakin rezar a gindin shafin, ta daɗe a haka, har inuwar katanga ta rufe mata ƙafafu.

"Ruwaida, me kike yankawa ne?" in ji mahaifiyarta daga bakin murhu.

"Ba komai, Umma."

Ta mayar da rezar cikin takardarta. Ranar Litinin za ta kai wa Malam Abdulkahar littafin yadda yake, da sunan mai shi, ta gaya masa cewa ita ba ta rubuta komai ba tun farkon shekara.