Cokalin Garin Gero

Duk wanda ya tashi a ƙauyen nan na gefen Kiyawa ya ci ƙosan Iya Safiyatu. Tun rasuwar mijinta take suya a gindin dalbejiya, kuma yaron da ya zo ya tsaya yana kallon kasko ba ya komawa gida hannu rabbana. Wannan kyautar tata ce ta kusa kai ta lahira.

Mujahid, ƙaramin ɗan maƙwabcinta Nata'ala, ya kwanta da zazzaɓi. Da jikin ya yi tsanani sai ya shiga sambatu, idanu a kafe, yana cewa, "Iya Safiyatu, ba ni. Iya, ba ni." Ƙosai yake nufi, Allah ya sani. Amma kafin azahar magana ta karaɗe gari cewa yaro ya kama suna. Idan kuwa mara lafiya ya kama sunan tsohuwa, ba sai an yi maka fassara ba, cewa ake mayya ce ta riƙe masa kurwa. Babur ɗin da ya kamata a ɗora yaro a kai zuwa asibiti, shi Nata'ala ya hau ya ɗauko Malam Mailafiya mai duba.

Mailafiya ya iso ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, yana tauna goro, ya tarar gari ya taru. Bai yi gaggawa ba. Ya fara duban wani dattijo ya ce, "Baba, akwai tsohon tabo a ƙafarka, wajen gwiwa ko ƙasa kaɗan." Dattijo ya ɗage wando, ga tabo, wuri ya ɗauki salati. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa ina za a sami manomin da ya tsufa da fartanya a hannu babu tabo a ƙafarsa. Mailafiya ya juya ga wata mata ya ce yana ganin wani mamaci a danginta, Muhammadu ko Audu. Ta ce Mamman ne, wanta. "Shi fa," in ji shi. In ya kuskure sai ya ce mutanen ɓoye ne suka yi magana da sauri, jama'a su manta da kuskuren su riƙe wanda ya dace.

Abin takaici, a duk taron nan babu wanda ya kai Safiyatu yarda da shi. Bara da ciwon ƙugu ya dame ta ta je wurinsa, ya gaya mata tana yawan tunani in ta kwanta, kuma akwai wanda ta yi wa rana ya yi mata dare. Har kuka ta yi don mamaki. Shi ya sa yau tsoronta ya zama biyu. Tana tsoron samarin da suka tsaya da sanduna, da galan ɗin fetur da wani ya ajiye a jikin katanga. Sannan tana tsoron kanta. An ce akwai mayen da bai san shi maye ba ne. In mutumin da ya ga cikin zuciyarta ya ce ita ce, to ita wace ce da za ta musa?

Aka zaunar da ita da wasu mata biyu da su ma suka taɓa ba yaron abinci. A gefe Hindatu, uwar Mujahid, wadda 'yar mai unguwa ce, tana zaune a tabarma da ɗanta a cinya. Mailafiya ya ajiye ƙwarya cike da busasshen garin gero, ya tsoma cokali.

"Na yi masa tofi," ya ce. "Mai gaskiya za ta haɗiye shi lafiya lau. Wadda ke riƙe da kurwar yaron nan kuwa, maƙogwaronta zai rufe."

Ya fara da Asma'u, matar tela. Ya yi mata murmushi. "Ba ke ce mai tsamiya a tsakar gida ba? Irin mai kashe haƙorin nan, da kin lasa sai kin runtse ido?" Asma'u ta yi dariya, ta karɓi cokali, ta mamula ta haɗiye. Ta biyu ya tsokane ta da zancen miyar yakuwa da lemon tsami, ita ma ta haɗiye nata.

Da ya zo kan Safiyatu sai fara'ar ta ɗauke. Ya tsaya yana kallonta, ya daɗe.

"Iya," ya ce a hankali, "ki tuba tun kafin ki sa shi a baki."

Ta kai cokalin baki. Garin ya manne mata a harshe da dadashi kamar toka. Ta nemi yawu, babu ko ɗigo. Ta yunƙura za ta haɗiye, ya sarƙe ta, ta yi tari, farin gari ya feso ya zubo mata a zani.

"Ta kasa! Wallahi ta kasa!"

Da'irar mutane ta matso. Yaran da ta goya, waɗanda ta share wa majina, su ne a gaba. Nata'ala ya tsaya a kanta ya ce, "Iya, tashi ki tsallaka shi. Ki sakar mini ɗana."

Ta san wannan tarkon. In ta tsallaka yaron kamar yadda ake sa mayu su yi, ta amsa laifi ke nan. In ta ƙi, ga sanduna, ga galan. Ta so ta yi kalmar shahada, harshenta ya ƙi motsi.

Sai Hindatu ta kwantar da ɗanta, ta taso tana kuka. "Iya, me na tare miki? Ɗan garin geron nan ne ya gagare ki? Ni da nake uwarsa, duba ki gani!" Kafin Mailafiya ya miƙa hannu ya hana ta, ta fizgi cokali ta cika bakinta.

Ta tauna. Ta sake taunawa. Idanunta suka fito, ta dafe wuya, ta durƙusa tana tari, gari na fita ta baki da hanci.

Can daga baya wata murya ta ce, "Au, har da uwar?" Safiyatu ta ga idanun da ke kanta sun fara komawa kan Hindatu, ta ga wani saurayi ya gyara riƙon sandarsa. Da ta yi shiru, wataƙila da an raba mata nauyin. Amma da ta dubi yarinyar nan tana neman numfashi, leɓunanta a bushe sun tsattsage, sai abin ya faɗo mata gaba ɗaya: tsamiya, yakuwa, da dogon kallon nan.

Ta rarrafa ta ɗauko butar mai unguwa, ta ɗura wa Hindatu ruwa, ita ma ta kurɓa, sannan murya ta dawo mata.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa mai unguwa, "yarinyar nan ɗanta ke mutuwa a cinyarta. Tsoro ne ya busar mata da baki, shi ya busar da nawa. Su Asma'u zancen tsami ya yi musu har yawunsu ya tsinke, ni kuwa ya ce in tuba. In ƙarya nake, ga gari nan. Malam ma ya ci cokali ɗaya."

Mai unguwa ya dubi 'yarsa a durƙushe, ya dubi sandunan da suka juyo gare ta. Ya ɗauki cokali da kansa, ya cika shi ya miƙa. "Bismillah, Malam."

Mailafiya ya dubi cokali, ya dubi samari, ya dubi galan. Maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa, babu abin haɗiya. "Ai ni, ranka ya daɗe, azumi nake yi."

Babu wanda ya yi dariya. Kowa bakin Mailafiya yake kallo, jawur da goron da ya shigo yana tauna. Ba don mai unguwa ya shiga tsakani ba, da abin da aka tanadar wa tsohuwa a kansa zai ƙare. Mailafiya ya bar ƙauyen a ƙafa, ko ƙwaryarsa bai waiwaya ba. Nata'ala ya tada babur, Hindatu ta rungume yaron a baya, suka nufi asibiti a Dutse, inda aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, kuma da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Amma suna in ya fita ba ya komawa da sauƙi. Kwana da kwanaki Safiyatu tana suya ƙosai na hucewa a faranti, iyaye mata na janye 'ya'yansu in sun nufo gindin dalbejiya. Ba ta fasa fitowa ba, don ta san ranar da ta ɓuya a ɗaki za a ce kunyar asirinta take ji.

Wata safiya sai ga Hindatu riƙe da hannun Mujahid, ya rame sai idanu. Mata suka tsaya da tulunansu suna kallo. Hindatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta kasa haɗa ido da ita.

"Iya, tun a asibiti yake kiranki. Ki ba shi da hannunki."

Safiyatu ta zaɓi mai taushi, ta hura masa, ta sa masa a baki. Ta san yadda ƙauyen nan yake. In yaron nan ya ƙware, ko gobe ya tashi da ciwon ciki, sunanta na nan a ajiye. Ta zuba wa ɗan siririn wuyansa ido, bakinta a bushe ƙayau, har ya haɗiye.

"Iya," ya ce, "ƙara mini."